Furotin ɗin da ke lalacewa ba tare da ya yi wari ba

'Yar kwalbar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. A gindinta akwai wani ɗan farin gari, wani lokacin ma ido ba ya ganin komai, har sabon ɗalibi ya ɗauka an aiko masa da kwalba wayam. Abin da ke ciki sau da yawa maikirogiram 50 ne, wato kashi ɗaya cikin dubu ashirin na giram guda, kuma an biya ɗaruruwan daloli kafin ya iso. Furotin ne da aka ƙera a ɗakin gwaje-gwaje, kwaikwayon wani ɓangare na abin da ke jikin jijiyoyin jinin mutum. Idan nama ya lalace hanci zai faɗa maka, idan madara ta yi tsami harshe zai faɗa maka. Shi wannan yakan mutu a cikin firiza kamanninsa ba su sauya ba, mai bincike ya ci gaba da aiki da gawarsa wata da watanni, yana rubuta sakamako. Wannan ne ya sa nake ganin maganar ajiyarsa ta cancanci a zauna a yi ta da kyau, ba a bar wa duk wanda ya zo ƙarshe a ɗakin gwaji ba.

Sai an san abin da furotin ɗin yake yi za a gane dalilin tsadarsa da raunin jikinsa. Kowace jijiyar jini, daga babbar da ke fita daga zuciya har zuwa siraran da suka fi gashi ƙanƙanta, an shafe cikinta da shimfiɗa ɗaya tal ta ƙwayoyin halitta da masana ke kira endoteliyam. Waɗannan ƙwayoyin ba su da ido ba su da kunne. Abin da suke jin saƙo da shi wasu furotin ne da suka tsiro a fatarsu, kai a waje, ƙafa a ciki. Mu kira su makarɓan saƙo. Idan wani sashe na jiki ya rasa isasshiyar iskar oksijin, sai ya saki wani sinadari, sinadarin ya je ya maƙale a makarɓin, makarɓin ya gaya wa ƙwayar cewa ta rabu biyu, ta matsa gaba, ta fitar da sabon reshen jijiya.

A 1971 wani likitan tiyata a Boston ta Amurka, Judah Folkman, ya kawo hujjar cewa ƙarin ciwon daji ba ya iya wuce milimita ɗaya ko biyu sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini, don haka idan aka toshe wannan kiran za a iya hana shi girma. An daɗe ana yi wa ra'ayin kallon shakka, domin ba a kama sinadarin da ke yin kiran ba. A 1983 ɗakin binciken Harold Dvorak ya gano wani abu da ƙari ke fitarwa mai sa jijiyoyi yoyo. A 1989 Napoleone Ferrara, a kamfanin Genentech, ya tace wani furotin mai sa ƙwayoyin endoteliyam hayayyafa, ya sa masa suna VEGF, daga baya aka ga ashe abu ɗaya ne da na Dvorak. Makarɓansa suka biyo baya. Masabumi Shibuya na Japan ya fitar da Flt-1 a 1990, wanda yanzu ake kira VEGFR1, aka samu KDR ko VEGFR2 a 1991, sai a 1992 aka tabbatar cewa VEGF na kama su.

Ginin makarɓin kashi uku ne. Na waje yana da gaɓoɓi bakwai a jere kamar gaɓar rake, kuma a gaɓa ta biyu da ta uku VEGF ke kamawa. Na tsakiya ɗan guntu ne da ya ratsa fatar ƙwayar. Na ciki shi ne injin da ke tayar da aiki. VEGF yakan zo a tagwaye, ya kama makarɓi biyu ya jawo su kusa da juna, sai injinan nan biyu na ciki su kunna juna. Abin da ya ba masana mamaki shi ne bambancin 'yan'uwan biyu. VEGFR1 ya fi VEGFR2 riƙe VEGF da kusan ninki goma, amma injinsa na ciki rarrauna ne. A 1995 masu bincike a Toronto ta Kanada suka cire kowannensu daga jikin ɓeraye. Ɓeran da ba shi da VEGFR2 ya mutu tun yana kwana tara a ciki, bai yi jijiyoyin jini ba sam. Wanda ba shi da VEGFR1 shi ma ya mutu a daidai wannan lokaci, amma saboda ƙwayoyin jijiya sun yi yawa sun cukurkuɗe ba tsari. Ashe babban aikin VEGFR1 shi ne ya kame VEGF ya rage masa ƙarfi, tarko ne da jiki ya ɗana wa kansa. A 1993 ma an riga an gano cewa jiki na yin wani guntun VEGFR1 da ba shi da ƙafa, yana yawo cikin jini yana kwashe VEGF. Sunansa sFlt-1.

A nan maganar ta shigo gidajenmu. A 2003 ɗakin binciken Ananth Karumanchi a Boston ya nuna cewa mabiyiyar matan da ke fama da hawan jinin masu ciki tana zuba sFlt-1 fiye da kima, kuma da aka sa ɓeraye masu ciki suka riƙa yin sa da yawa, sai jininsu ya hau, furotin ya fara fita a fitsarinsu, ƙodarsu ta taɓu. Wannan ciwon ne idan ya tsananta yake kai mace ga jijjiga, abin da ake kira taune-taune, kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin haihuwa a arewacin Najeriya ko Nijar ya san rayukan da yake ci. Yau akwai gwajin jini da ke auna sFlt-1 a kan wani furotin mai suna PlGF, kuma wani babban bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa idan lissafin bai wuce 38 ba, da wuya ciwon ya bayyana a cikin mako guda mai zuwa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani shi ma ciwon shimfiɗar jijiya ne. Akwai wani makarɓi, Tie2, mai karɓar saƙo biyu masu adawa: anjiyopoyetin na ɗaya, da aka gano a 1996, yana ɗaure jijiya ta yi ƙarfi, na biyu, da aka gano a 1997, yana kwance ta, kuma a jinin yaran da zazzaɓin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa na biyun ne ke hawa. A 2013 masu bincike a Kwafanhegin ta Denmak suka gano cewa jajayen ƙwayoyin jinin da ƙwayar zazzaɓin ta shiga suna maƙalewa a wani makarɓi na jijiya mai suna EPCR a cikin yaran da ciwon ya fi tsananta musu. Duk waɗannan ayyuka sun dogara a kan samun tsarkakakken furotin a hannu don a gwada wa ke kama wa.

Matsalar ita ce ba a iya tatso makarɓin daga jikin mutum da yawan da zai isa aiki, kuma ko an tatso shi, guntun nan na tsakiya mai son maiƙo ba ya zama cikin ruwa, dunƙulewa yake yi. Dabarar da aka samu ta faro ne daga aikin Stanley Cohen da Herbert Boyer a 1973, lokacin da suka nuna ana iya yanko DNA daga wata halitta a dasa a wata. Ana ɗaukar umarnin gadon da ke gina ɓangaren waje kaɗai, a yar da na tsakiya da na ciki, a ɗinka masa wutsiyar antibodi, wato furotin ɗin da garkuwar jiki ke kama cuta da shi, wutsiyar da ake kira Fc. Wutsiyar tana yin aiki uku. Tana haɗa makarɓi biyu su zama tagwaye kamar yadda VEGF ke son samunsu, tana ba da mariƙin da za a kamo furotin ɗin da shi a lokacin tacewa, kuma tana sa ya daɗe a cikin jini. Wannan dabarar ce ta haifi maganin aflibercept na kamfanin Regeneron, inda aka ɗauki gaɓa ta biyu ta VEGFR1 da gaɓa ta uku ta VEGFR2 aka ɗaura musu Fc. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011 da sunan Eylea, ana yin allurarsa cikin ido don tsayar da jijiyoyin da ke tsirowa suna yoyo a bayan ido, daga baya har da na masu ciwon suga.

Wace halitta za a ba wa aikin ginin, wannan ma zaɓi ne mai nauyi. Bakteriyar E. coli ta fi arha da sauri, amma ba ta iya yi wa furotin adon suga, alhali makarɓan jijiya lulluɓe suke da sarƙoƙin suga da ke taimaka musu naɗewa daidai. Shi ya sa ake komawa ga ƙwayoyin CHO, waɗanda Theodore Puck ya ciro daga gidan ƙwan wata dabba mai kama da ɓera a 1957, ko HEK293 na ɗan'adam da aka samar a Holan a 1973, ko ƙwayoyin ƙwari da ake kira Sf21 da Sf9. Na ƙarshen nan daga jikin Spodoptera frugiperda aka samo su, tsutsar nan da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016 ta addabi gonakin masara. Kowannensu adon sugansa daban, saboda haka furotin mai suna ɗaya daga tushe biyu ba lallai ya yi hali ɗaya ba. Akwai kuma wani layi a takardar bayanin kwalbar da na ga ya kamata mai binciken jijiya ya fara dubawa kafin farashi, wato adadin endotoksin, gubar da ke fita daga ɓawon bakteriya. Ana so ya gaza EU ɗaya, wato ma'aunin wannan gubar, a kowane maikirogiram, ƙasa da haka ma ya fi, domin ƙwayoyin endoteliyam suna zabura da ɗan kaɗan ɗinsa, sai mutum ya ga sun kumbura ya jingina abin ga furotin ɗinsa.

To, ajiya. Duk aikin furotin a siffarsa yake. Doguwar sarƙa ce da aka naɗe ta naɗi na musamman, kuma mafi yawan abin da ke riƙe naɗin ƙananan haɗi ne marasa ƙarfi. Idan ya warware, ɓangarorinsa masu gudun ruwa suna fitowa fili su manne da na maƙwabci, su dunƙule. Farin ƙwai da ya dahu ba ya komawa ɗanye, haka shi ma. Zafi yana warware shi, kumfa tana warware shi, bakteriya tana cinye shi, kuma kusan duk lalacewar nan sai da ruwa take gudana da sauri. Wannan ya sa kamfanoni ke sayar da shi a bushe. Ana daskarar da ruwan, a zuƙe iskar wurin, ƙanƙarar ta tashi ta zama tururi ba tare da ta narke ba, a bar gari. A wannan hali yana jure tafiyar kwanaki ba sanyi, kuma kamfanoni da yawa suna ba da tabbacin shekara guda idan aka ajiye shi tsakanin digiri 20 da 70 ƙasa da sifili.

Kafin a busar, sau da yawa ana zuba wani suga mai suna tirehalos, wanda ke maye gurbin ruwan da ke kewaye da furotin ya sandare kamar gilashi, ya riƙe naɗin. Ina son labarin wannan sugan saboda ɗaya daga cikin manyan malamansa wani ƙwaro ne ɗan Najeriya. A 1951 masanin ƙwari Howard Hinton na Ingila ya bayyana wani ƙaramin ƙwaro mai kama da sauro, Polypedilum vanderplanki, da aka samo a cikin 'yan kwarmin duwatsu na arewacin Najeriya, inda ruwa ke taruwa da damina ya ƙafe da rani. Tsutsarsa takan bushe ƙarau, tana tara tirehalos har kusan kashi 20 cikin ɗari na busasshen nauyinta, ta zauna a haka shekaru, idan ruwa ya sauka ta farfaɗo cikin kamar awa guda. Masu bincike a Japan sun samar da ƙwayoyin gwaji daga ƙwan wannan ƙwaron, Pv11, waɗanda ake iya busarwa a ajiye ba firiza. Hikimar da ke riƙe garin nan na cikin kwalba ita ce ke riƙe tsutsar a kan dutse cikin zafin bazara.

Ranar da aka zuba wa garin ruwa agogonsa ya fara tafiya da sauri, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Ana fara juya kwalbar a injin juyi na ɗan lokaci kafin a buɗe, don garin da ya maƙale a murfi ya sauko, in ba haka ba rabin kuɗin ya tashi da buɗewa. A bar ta ta huce daga sanyi tukuna, kada raɓa ta sauka ciki. Sai a zuba tsaftataccen ruwan gishirin da takardar ta ambata, yawanci PBS, a kaurin da aka ce, misali maikirogiram 100 a mililita guda, a bar shi ya jiƙa, a juya shi a hankali. Ba a girgiza shi, domin furotin yana warwarewa a inda ruwa ya haɗu da iska. Idan aka tsinka shi ya yi ruwa-ruwa sosai kuma, wata asara ce daban, bangon robar kwalbar yana shanye shi. Maganin wannan shi ne a ƙara masa ɗan albumin na jinin shanu, kashi 0.1 cikin ɗari, ya rufe bangon a madadinsa, sai dai idan za a yi wa dabba allura ko za a liƙa wa furotin ɗin alama, a nan albumin ɗin zai shiga hanya. Bayan haka ƙa'idar da aka saba gani ita ce wata guda a firji tsakanin digiri 2 da 8, ko wata uku a daskare.

Mutane da yawa suna ɗauka daskarewa hutu ne ga furotin. Zama a daskare hutu ne, amma shiga da fita azaba ce. Lokacin da ruwa ke zama ƙanƙara, tsantsar ruwan ce ke fara sandarewa, sai gishiri da furotin su matsu cikin 'yan lungunan da suka rage, kaurinsu ya ninka sau da yawa. Idan ruwan na sodiyam fosfet ne, ɗaya daga gishirinsa yakan riga ɗaya fita, sai ma'aunin pH ya faɗo daga wajen 7 zuwa kusan 4, wato furotin ya tsinci kansa cikin tsami. Fuskar ƙanƙarar ita ma tana warware shi kamar yadda kumfa ke yi. Kowane zagaye na daskarewa da narkewa yana cin wani kaso. Shi ya sa tun ranar farko ake raba ruwan cikin ƙananan kwalabe, kowace ta isa aikin yini ɗaya, wadda aka narkar ba ta komawa. Shi ya sa kuma takardun ke hana amfani da firizar gida irin wadda ba ta tara ƙanƙara, domin tana hana taruwar ne ta hanyar ɗumama kanta lokaci-lokaci. Ƙofar firiza ma ba wurin ajiya ba ce. Har busasshiyar ƙanƙarar da ake jigila da ita, mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili, tana da nata aibin, iskar kabon da take fitarwa na iya ratsa murfin roba ta sa ruwan ya yi tsami a lokacin narkewa.

Waɗannan ƙa'idoji an rubuta su ne da tunanin ɗakin da wuta ba ta ɗaukewa. Firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, musamman tsohon yayi, tana cin wuta kusan kamar gida guda, tana kuma fitar da zafin da sai an sanyaya mata ɗaki. A Kano ko Zariya ko Maradi, inda za a iya ɗauke wuta da dare janareta ya ƙi tashi, a dawo da ita kafin safiya, kwalba tana iya narkewa ta sake daskarewa ba wanda ya gani. Da safe za a same ta da ƙanƙararta, ma'aunin gaban firizar yana nuna lamba mai kyau. A ganina mai aiki a irin wannan wuri ya kamata ya juya lissafin. Busasshen gari ya fi ruwa jure hawa da saukar sanyi nesa ba kusa ba, saboda haka ƙananan kwalabe biyu da za a buɗe ɗaya bayan ɗaya sun fi babba guda, ko da sun ɗan fi tsada, kuma kada a zuba ruwa sai ƙwayoyin gwaji sun shirya, komai na aikin yana hannu. Idan aikin zai ƙare cikin makonni biyu ko uku, firji mai aiki da sola da batir a digiri 4 ya fi firizar da ba a amince da ita ba. Firiza mai buɗewa ta sama, a cike gurabenta da robobin ƙanƙara, ta fi daɗewa da sanyi. Ƙaramar na'urar da ke rubuta sanyi dare da rana kuɗinta bai kai na kwalba ɗaya ba. Wanda bai samu ba, ya daskarar da ruwa rabin 'yar kwalba, ya kife ta kusa da kayansa, duk ranar da ya ga ƙanƙarar ta sauko murfi ya san abin da ya faru.

Abin da ya fi damuna shi ne irin ƙaryar da mataccen furotin ke yi. Ɗalibi ya zuba tarkon VEGFR1 a kan ƙwayoyin jijiyar cibiya, waɗanda ake kira HUVEC, da aka fara renonsu a ɗakin gwaji tun 1973. Ya ga jinin majinyata har yanzu yana sa su hayayyafa, sai ya rubuta cewa ba VEGF ke aikin ba. Ko ya shafa makarɓin a faranti don ya ga ko wani tsiron magani zai hana VEGF kamawa, lambobin suka fito a hargitse, ya jefar da tsiron. A duka biyun kayan aikin ne ya mutu, amma a takarda zai zama kamar an gano wani abu game da jikin mutum. Dunƙulallen furotin mai wutsiyar Fc kuma yana iya yin akasin haka, ya tayar da ƙwayoyin garkuwar jiki ya nuna tasirin da ba na makarɓin ba, dalilin da ya sa ake gwada wutsiyar ita kaɗai a gefe. Gudanar da shi a jel, wani abu mai kauri da ke jera furotin bisa nauyinsu, ba ya warware shakka, domin wannan gwajin da kansa warware furotin yake yi kafin ya auna nauyinsa, mai rai da matacce layi ɗaya suke bayarwa. Sai gwajin aiki: a zuba sanannen adadin VEGF a kan HUVEC, a ƙara makarɓin daki-daki, a ga adadin da ke rage hayayyafar da rabi, wanda ake kira ED50, a kwatanta da lambar da kamfanin ya rubuta. Ana yin wannan ranar da aka zuba ruwa, a sake yi a duk babban gwaji da kwalba ɗaya daga cikin rabon, a rubuta a littafin aiki tare da lambar rukunin kayan, ranar jiƙawa, da sau nawa wannan kwalbar ta narke.